Wasiƙa: In za a yi majar kamfanonin jirgi, a fara duba lamba da fanshon matuƙa kafin albashi

Assalamu alaikum Malam Edita,

Da fatan kana lafiya kai da duk ma'aikatan wannan jarida tamu, Allah ya ƙara basira da ɗaukaka. Dan Allah ka ba ni fili kuma ka yi haƙuri wasiƙar za ta ɗan yi tsawo, maganar ce ba ta gajartuwa.

Duk lokacin da aka tada zancen cewa ƙananan kamfanonin jiragen nan namu masu jirgi uku huɗu ba za su kai labari ba sai sun yi maja, wato sun haɗe sun zama kamfani ɗaya, in hira ta zo kan ma'aikata sai ka ji an ce ai pailot ba shi da matsala, kuɗi yake kwasa, in ma an tausaya masa sai a ɗauko albashin kamfani kaza a jera da na kamfani kaza a ce waɗannan sun ci riba waɗancan sun faɗi, shikenan an rufe babi. Ni na yi shekaru a sashen albashi na wani kamfanin jirgi mai zaman kansa kafin ya rufe, kuma tun daga lokacin nake bibiyar yadda ake irin wannan haɗakar a wasu ƙasashe, musamman Amurka inda aka fi yin ta kuma komai nasu a rubuce yake a kotu. Abinda na fahimta shi ne albashin da ake gani a takarda shi ne mafi sauƙin gyarawa a cikin rigimar gaba ɗaya, zama ɗaya ana iya daidaita shi. Abu biyu ne suke kassara mutum har ƙarshen rayuwarsa, lambarsa a jerin ma'aikata da kuma inda aka ajiye kuɗin fanshonsa, kuma su ne ba wanda yake tambaya a kai sai bayan an sa hannu an ɗau hoto an watse.

Bari in fara da yadda ake biyan su a can. Pailot a manyan kamfanonin Amurka da awa ake biyansa, kuma awar ba ta fara ƙirguwa sai an rufe ƙofa jirgi ya motsa, zaman jira a filin jirgi da duba jirgi kafin tashi duk ba a cikin lissafin suke ba, doka kuma ta hana shi wuce awa 1,000 a shekara, yawanci kamfani yana ba shi tabbacin awa 70 zuwa 75 a wata ko ya tashi ko bai tashi ba. Toh nawa ne kuɗin awar? Ya danganta da kujerar da yake zaune, ta hagu ta kyaftin ce ta dama ta mataimaki, ya danganta da girman jirgin, sannan da shekarunsa a kamfanin. A kwantiragin da matuƙan kamfanin Delta suka amince da shi a 2023, wanda ya zo da ƙarin kashi 34 cikin 100 a shekara huɗu, kyaftin ɗin babban jirgi mai tsallaka teku ya haura dala 400 a awa, sabon mataimaki kuwa yana ɗan sama da dala 100. Kaga tazarar ba kaɗan ba ce. Abinda yake kai mutum daga wannan kujerar zuwa waccan kuwa lamba ce kawai, ranar da aka ɗauke ka aiki ake ba ka ita, kana can ƙasan jeri, duk wanda ya yi ritaya ko ya rasu a samanka sai ka matsa gaba da ɗaya. Duk wata kowa zai cike abinda yake so, garin da yake so ya zauna, ranakun hutu, hanyar da zai bi, kwamfuta ta fara daga mai lamba 1 ta ba shi zaɓinsa ta gangaro, na ƙasa ya samu abinda ya rage, shi ne zai kwana a otal ranar biki yaransa suna gida, shi ne zai zauna da waya a hannu yana jiran kira ƙarfe uku na dare. In kasuwa ta lalace za a rage ma'aikata daga ƙasan jerin ake yankowa. Kuma lambar nan ba ta bin mutum, kyaftin mai shekara 25 in kamfaninsa ya mutu ya koma wani, daga ƙasa zai fara a kujerar dama da albashin sabon shiga.

Duk wanda ya san tasha ya san wannan, layin lodi ne, mota ba ta lodi sai layi ya zo kanta, to a ce yau an haɗe tasha biyu an ce layi ɗaya za a yi, wa zai shiga gaban wa? Masu tsohuwar tashar za su ce a bi shekarun da kowa ya yi yana jira, masu sabuwar su ce mu fa gobe ne layinmu ku kuwa tasharku ba fasinja ma a cikinta. Kowa da gaskiyarsa, kuma duk matakin da aka ɗaga wani to an sauke wani ne, ba wata hanya da kowa zai ci riba.

A 2001 kamfanin American Airlines ya sayi TWA da ya riga ya durƙushe. A takarda matuƙan TWA sun samu ƙarin albashi don na American ya fi nasu, wanda ya kalli jadawalin albashi kawai zai ce sun dace. Amma da aka zo haɗa jeri sai aka ɗauki fiye da rabinsu aka liƙa a can ƙasa, ƙarƙashin yaron da American ta ɗauka jiya jiya, ma'aikatan cikin jirgi masu kula da fasinja kuwa gaba ɗayansu aka kai ƙasa. Watanni kaɗan bayan sayen sai ga harin 11 ga Satumba, aka fara tura mutane gida ba albashi, kuma kamar yadda na faɗa daga ƙasa ake yankowa, mutanen da suka yi shekara goma sha suna tuƙi suka tafi gida waɗanda ba su kai su ba suka zauna. Ina amfanin ƙarin albashin da ba ka kan aiki balle ka karɓa? Matuƙan TWA sun kai ƙungiyarsu ta ALPA kotu kan ba ta tsaya musu ba, a 2011 kotu ta ba su gaskiya, daga baya aka sasanta a kan dala miliyan 53, wanda in ka raba shi ga mutum sama da dubu biyu da suka yi asarar shekaru ba wani abu ba ne. Wannan abin ne ya sa sanatoci biyu na jihar Missouri, inda cibiyar TWA take a birnin St. Louis, wato Claire McCaskill da Kit Bond, suka kawo dokar da aka sa wa hannu a ƙarshen 2007 wadda ta ce dole a haɗa jerin ma'aikata bisa adalci, in an kasa jituwa a je gaban mai sasanci.

Yanzu fansho, nan ne zuciyata ta fi ƙuna wallahi. Iri biyu ne. Akwai na alkawari, kamfani ya ce ka yi min aiki in ka yi ritaya zan riƙa ba ka kaza duk wata har ka mutu, ana lissafa shi da albashinka na shekarun ƙarshe, kuɗin yana asusun da kamfani yake kula da shi. Akwai kuma na asusun kai, duk wata a zuba wani kaso a asusu mai sunanka, abinda ya taru naka ne, a can suna ce masa 401(k). Tsofaffin kamfanonin Amurka duk na alkawari suke yi kuma matuƙa da yawa sun yarda an rage musu albashi a lokuta daban daban saboda suna kallon wancan alkawarin a gaba. US Airways ya je kotu ya ce ya karye a Agustan 2002, a Maris na 2003 aka soke fanshon matuƙansa aka miƙa wa hukumar gwamnati mai inshorar fansho, PBGC, wadda aka kafa tun 1974. Hukumar tana biya amma tana da iyakar da ba ta wucewa, a shekarar iyakar kusan dala 44,000 ce a shekara ga wanda ya yi ritaya yana da shekara 65, in ka yi ƙasa da haka a rage. Ga inda zaluncin yake, a lokacin dokar gwamnatin ce da kanta ta ce pailot ya sauka yana shekara 60, ba shi da zaɓi, sai kuma hukumar gwamnatin ta lissafa shi a matsayin wanda ya yi ritaya da wuri ta yanke masa zuwa wajen dala 28,500. Mutumin da ya tsara tsufansa a kan ninkin wannan ko fiye, ga shi ba zai iya komawa aiki ya cike gibin ba. Sai a Disamban 2007 aka ɗaga shekarun zuwa 65, waɗanda suka riga suka sauka kuwa ta riga ta faru da su. United ma a 2005 kotu ta yarda ya yar da nasa fanshon, gibin da ke ciki ya kai dala biliyan 9.8.

Masu karatu da yawa za su tuna Kyaftin Sullenberger, wanda tsuntsaye suka kashe masa injina biyu ya sauke jirgi a kan kogin Hudson a birnin New York ranar 15 ga Janairun 2009, mutum 155 ba wanda ya mutu. Ma'aikacin US Airways ne. Wata ɗaya da 'yan kwanaki bayan nan ya zauna gaban kwamitin majalisa ya faɗa musu an zabge masa kashi 40 cikin 100 na albashi kuma an soke fanshonsa. Duniya tana ta yabonsa, shi kuma abinda yake fama da shi kenan a gida.

Toh a wannan halin ne aka yi majar US Airways da America West a Satumban 2005, bayan US Airways ya sake karyewa karo na biyu a 2004. In ka jera su biyun a lokacin za ka ga abin mamaki. Matuƙan US Airways, da ake kira 'yan Gabas, tsofaffin hannu ne, suna da manyan jirage masu zuwa Turai, amma kamfaninsu yana bakin kabari, fansho ya tafi, wajen mutum 1,700 suna gida an sallame su na wucin gadi. Na America West, 'yan Yamma, kamfaninsu na jihar Arizona a 1983 ya fara tashi, su ba su kai dubu biyu ba, yara ne a kan waɗancan, ba su taɓa samun wancan babban fanshon ba balle su rasa shi, amma kowa yana kan aikinsa kuma suna ganin kujerar kyaftin ta kusa. 'Yan Gabas suka ce a bi ranar ɗaukar aiki, 'yan Yamma suka ce a bi matsayin da kowa yake kai ranar da aka haɗu. Aka kai gaban mai sasanci George Nicolau, kowa ya yarda hukuncinsa shi ne na ƙarshe, a Mayun 2007 ya fitar da jeri, ya ware wajen gurbi 500 na sama ga 'yan Gabas masu manyan jirage, ya cakuɗa sauran, waɗanda suke gida kuma ya sa su a ƙasa. Sai ga mutumin da aka ɗauka tun ƙarshen shekarun 1980 yana maƙwabtaka a jeri da wanda bai daɗe da shigowa ba. Ka tuna fa wannan mutumin an riga an cinye masa fansho, abinda ya rage masa kawai shi ne ya hau kujerar hagu ya yi 'yan shekaru yana tara abin tsufa, yanzu an ce ita ma ya jira.

'Yan Gabas suka ƙi, da yake sun fi yawa sai suka yi zaɓe a 2008 suka fice daga ALPA suka kafa sabuwar ƙungiya USAPA don su kauce wa hukuncin, 'yan Yamma suka garzaya kotu, aka shiga shari'a shekara da shekaru. Ni a ganina 'yan Gabas an cuce su tun farko amma a nan ba su kyauta ba, ka yarda da alƙali kafin hukunci sannan ka ƙi bayan ya faɗi, wannan ba daidai ba ne, kuma kansu suka fi yi wa illa. Saboda jerin ba zai fara aiki ba sai an yi kwantiragi guda, kwantiragi guda kuma ba zai yiwu ba tunda ba sa ga maciji, sai kowa ya zauna a kan tsohon albashinsa. Jirgi iri ɗaya, fenti ɗaya, yunifom ɗaya, kyaftin ɗin jirgi samfurin A320 na Gabas yana karɓar wajen dala 125 a awa na Yamma yana ɗan sama da 140, ɗan Gabas ba ya tuƙa jirgin Yamma ɗan Yamma ba ya tuƙa na Gabas. Ka lissafa tazarar dala 15 ɗin nan sau awa 900 a shekara, dala 13,500 kenan, kuma wannan ma ƙaramar asara ce a kan wadda su duka biyun suka yi, don takwarorinsu na wasu kamfanoni sun yi ta samun ƙari suna wuce su, kuma tunda abinda ake zubawa a asusun ritaya kaso ne na albashi, ƙaramin albashi yana nufin ƙaramin fansho, asarar ta zama biyu. Wanda ya ci ribar rigimar shi ne kamfani, ya samu shekaru yana biyan albashi mai arha. Sai da aka sake wata majar da American a Disamban 2013 sannan albashinsu ya tashi, jerin ƙarshe kuwa sai a 2016 ya fito, shekara 11 bayan haɗuwar farko, mutane da yawa sun yi ritaya a cikin jiran.

Delta da Northwest sun ga wannan da idonsu. Su biyun rana ɗaya suka shiga kotun karaya, 14 ga Satumban 2005, amma ba su fito iri ɗaya ba. Delta ya soke fanshon matuƙansa a 2006 ya miƙa wa PBGC, aka ba su takardar bashi ta dala miliyan 650 da wani kaso a cikin masu bin kamfanin bashi a madadin abinda suka rasa, kafin nan ma manyan kyaftin ɗinsa da yawa sun hango abinda ke zuwa sun yi ritaya da wuri sun karɓi rabonsu a dunƙule, shi ya sa jerin Delta ya koma na masu ƙarancin shekaru. Northwest kuwa bai soke ba, tsayar da shi ya yi inda yake, abinda ka tara yana nan amma ba zai ƙaru ba, dokar fansho ta 2006 ta ba kamfanonin jirage ƙarin lokaci su cike gibi. Kenan da aka zo maja a 2008 ɗan Delta ya fi albashi, ɗan Northwest ya fi shekaru kuma yana da fansho a ajiye, ga manyan jiragensu 747 masu zuwa Tokyo. Wa ya fi wani a cikinsu? Ba za ka iya faɗa daga takardar albashi ba ko kaɗan, sai ka san shekarun mutum da lambarsa da abinda ke asusunsa. Su 'yan Northwest kuma sun san zafin abin tun majarsu da kamfanin Republic a 1986, inda aka raba su 'yan jan littafi da 'yan koren littafi aka gina katanga tsakaninsu kan wa zai tuƙa wane jirgi har shekara 20.

Abinda Delta da Northwest suka yi daban shi ne tsarin lokaci. An sanar da majar a Afrilun 2008, kafin a kammala ta a ƙarshen Oktoba matuƙan ɓangarorin biyu, wajen mutum 12,000, sun riga sun kaɗa ƙuri'a sun amince da kwantiragi guda, aka ɗaga 'yan Northwest zuwa albashin Delta, aka ba kowa hannun jari a sabon kamfanin, 'yan Delta kashi 3.5 'yan Northwest kashi 2.38, fanshon Northwest da aka tsayar aka bar musu abinsu, sannan suka yarda masu sasanci su yanke maganar jeri cikin ƙayyadadden lokaci, a Disamba hukunci ya fito. Ba wai kowa ya ji daɗi ba, har yau akwai masu ƙorafi, amma kuɗi ya riga ya shiga aljihu kuma ba wanda yake da abin riƙewa ya yi garkuwa da shi. Dalilin da ya sa suka samu wannan kuwa a fili yake, kafin a sa hannu kamfani ne yake buƙatar matuƙa, bayan an sa hannu matuƙa ne suke roƙon kamfani. United da Continental da suka haɗu a 2010 ba su yi haka ba, sai ƙarshen 2012 suka samu kwantiragi guda, jeri kuma 2013.

Yau a manyan kamfanonin Amurka kusan an bar fanshon alkawari, American ma tsayar da nasa ya yi a 2012, abinda ake yi yanzu kamfani ya zuba kashi 16 zuwa 18 cikin 100 na albashi a asusun mutum ko shi bai sa ko sisi ba. Wasu tsofaffi suna ganin ci baya ne, ni kuwa bayan abinda na gani na fi natsuwa da kuɗin da yake da sunan mai shi, kamfani ya karye ko a haɗe shi da wani ba mai taɓa shi. Kuma kar a ce abin na Amurka ne kaɗai. A Indiya da kamfanin Tata ya zo haɗe Vistara da Air India, sabon kwantiragin ya rage awannin da ake ba matuƙan Vistara tabbacin biya daga 70 zuwa 40 a wata, a farkon Afrilun 2024 da yawansu suka ce ba su da lafiya aka yi ta soke tashi, da aka kammala majar a Nuwamba kuma sai ga wata matsalar, a lokacin shekarun ritaya a Air India 58 ne a Vistara 60, mutum biyu a gaban jirgi ɗaya wani zai riga wani sauka da shekara biyu na albashin kyaftin.

Malam Edita, mu nan ba mu da PBGC. Nigeria Airways ya daina tashi a 2003 aka rushe shi a 2004, ma'aikata kusan 6,000, matuƙa da injiniyoyi da masu share jirgi, suka shiga jiran haƙƙinsu, a 2018 gwamnatin Buhari ta saki naira biliyan 22.68, rabin biliyan 45 da aka amince, lokacin dala da take wajen naira 130 sanda aka rufe kamfanin ta haura 300, kuma da yawa sun rasu suna jira, Allah ya jiƙansu. AMCON, hukumar gwamnati mai karɓar basussukan banki da aka kasa biya, ta karɓi kamfanin jirgi na Aero a 2016 ta karɓi na Arik a Fabrairun 2017 kuma an sha tada maganar haɗe su, ban taɓa jin an fito an yi wa jama'a bayanin yadda za a haɗa jerin ma'aikatansu ko wa zai ɗauki bashin garatuti ba. Dokar fansho ta 2014 ta ce mai kamfani ya zuba kashi 10 ma'aikaci kashi 8 a asusun da yake da sunan ma'aikacin, tsarin yana da kyau, matsalar ita ce zubawar. A inda na yi aiki, bayan an rufe, wani dattijon kyaftin ya zo ofis da fayil a hammata, ya baje takardun albashinsa a kan tebur ɗaya bayan ɗaya, kowacce ga layin da aka rubuta an cire kuɗin fansho, sannan ya ciro takardar da kamfanin kula da fanshonsa ya buga masa ya ajiye a gefe, watanni da yawa a jere babu abinda ya shiga. Bai ɗaga murya ba, ya sa yatsa a kan layin yana tambaya ina kuɗin suka tsaya, shekarunsa sun kusa 65, likita ma ya fara yi masa maganar hawan jini, kuma pailot in ya faɗi gwajin lafiya lasisinsa ya tafi a ranar. Irin wannan gibin in aka yi maja ba a rubuta wanda zai biya ba, sabon kamfani zai ce bashin tsohon ne, tsohon kuma babu shi.

Ga kuma namu ƙarin matsalolin da Amurkawa ba su da su, wani kamfanin yana biyan baƙin matuƙa da dala 'yan ƙasa da naira, wani rabin abinda pailot yake samu alawus ne wanda ba a lissafa shi a fansho, ga yaran da iyayensu suka sayar da gona ko fili suka kai su makarantar tuƙin jirgi ta Zariya ko waje, suka shiga aiki da yarjejeniyar sai sun yi shekaru kaza kafin su biya kuɗin horon da aka yi musu a kan jirgi, in an haɗe kamfani wa suke bi wa yake bin su? Waɗannan yaran su ne a ƙasan jeri kuma su za a fara yankewa.

Roƙona ga ƙungiyar NAAPE ta matuƙa da injiniyoyi shi ne kar su jira sai an sanar da wata maja sannan su fara taro, su zauna yanzu da ba kowa a gaban alƙali su rubuta ƙa'idar haɗa jeri da kowa zai sa hannu, da sunan wanda zai yi sasanci in an kasa. Hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama da FCCPC mai kula da gasar kasuwanci, masu ba da izini, kuma kar su sa hannu a kan kowace haɗaka sai hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta ba da takardar cewa kuɗin fanshon kowane ma'aikaci ya shiga asusunsa har watan ƙarshe, garatutin da ake bin kamfani kuma a ware kuɗinsa a ajiye a hannun wani daban kafin a miƙa makulli. Kai kuma Malam Edita dan Allah ka tura wakilinku ya samu tsofaffin ma'aikatan jirage da suke nan Kano da Kaduna da Legas ya ji daga bakinsu, ya nemi su nuna masa takardunsu, sannan ya je PenCom ya tambaya kamfanonin jirgi nawa ne suke da takardar shaidar sun biya fanshon ma'aikatansu na bana, a buga mana sunayen.

Na gode da fili, Allah ya saka da alheri.

Naku,
Baban Khalifa,
Hotoro, Kano.